Ruwa mai gas daga ruwan famfo: amsa ga Hajiyar da maigidanta ya bar lemon kwalba

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya daga Kano. Ta ce likita ya hana maigidanta shan lemon kwalba saboda suga ya fara hawa, shi kuma ya ce mata ba zaƙin ne ya fi kewa ba, wannan tsikarin da gas ke yi masa a maƙogwaro bayan cin abinci ne ya kasa haƙura da shi. Ruwa mai gas na kanti yana da tsada, ba kuma ko'ina ake samunsa ba. Shin za ta iya haɗa shi a gida da ruwan famfo? Sannan gaskiya ne abin da aka faɗa mata, cewa gas ɗin yana kashe ƙwayoyin cuta, don haka ba sai ta wahalar da kanta da tace ruwan ba?

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri kan wannan kulawa. Barin lemon kwalba ba ƙaramin mataki ba ne: robar kola ta rabin lita tana ɗauke da suga kimanin giram 53, wato wajen cokalin shayi 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini guda. Roba ɗaya ta cinye kason yini har ta haura.

Za ki iya yin ruwa mai gas a gida, kuma zai yi kyau kamar na kanti. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin lemo, aikina kullum shi ne auna ruwa da gas kafin kaya su fita kasuwa. Abin da ya fara ba ni mamaki a makon farko shi ne, injin da ke ɗura gas ɗan lungu guda ya ci a masana'antar. Manyan tankuna da bututu da injinan da suka cika wurin duk na wanke ruwa ne da sanyaya shi. Haka abin yake a gida. Sa gas aikin minti ɗaya ne. Tsabtar ruwan da sanyinsa su ne aikin.

Bari in fara da tambayarki ta biyu, don ita ce ta shafi rai. Gas ba ya tsarkake ruwa. Iskar da ake ɗurawa sunanta kabon-dayokisaid, a taƙaice CO2, ita ce wadda muke fitarwa in mun yi numfashi. In ta narke a ruwa, ɗan kaɗan daga cikinta yana komawa wani asid mai rauni, shi ke ba ruwan ɗan tsami-tsamin nan da tsikarin da maigida yake nema. Wannan ɗan tsamin yana rage wa wasu ƙwayoyin cuta saurin hayayyafa, amma bai isa a dogara da shi ba wajen kashe abin da ke kawo taifot ko kwalara ko atuni. Ruwan da ba za ki ba yaronki ya sha haka nan ba, kada ki sa masa gas ki ɗauka ya gyaru. Wanda ya faɗa miki haka bai yi miki adalci ba.

Ruwan famfo a garuruwanmu yana iya barin matatarsa, ko ta Tamburawa ko ta Challawa, da tsabtarsa da sinadarin kulorin a cikinsa. Matsalar a hanya take. Famfo ba kullum yake zuwa ba, kuma duk lokacin da bututu ya zauna ba ruwa, ko maƙwabta suka kunna injin zuƙo ruwa, duk inda bututun ya tsage a cikin kwata sai ya shaƙo abin da ke kewaye da shi. Daga nan ruwan ya hau tankin sama wanda wataƙila an shekara ba a leƙa cikinsa ba. In kuma na 'yan ga-ruwa ne, ba ki san inda aka ɗebo shi ba, ba ki san yaushe aka wanke jarkar ba. Saboda haka ni shawarata ɗaya ce, ki tafasa. In ruwan yana da dauɗa, ki fara sa masa ɗan alif ya kwanta, ki tsiyaye na sama ta tsabtataccen ƙyalle, sannan ki ɗora a wuta. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe komai. In ya tafasa sosai yana juyawa, ki bar shi minti ɗaya a haka, ki sauke, ki bar shi ya huce a rufe. In ba halin tafasawa, akwai WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, a bi ƙa'idar da ke jikin kwalin, a jira minti 30.

Tafasawa tana da wata fa'ida ta biyu da mutane ba su sani ba. Ruwan famfo yana ɗauke da iskar da muke shaƙa narke a cikinsa, kuma wannan iskar kishiyar CO2 ce: da an buɗe murfi ita ke fara ficewa, ta ja gas ɗin su fita tare, ruwa ya yi kumfa sau ɗaya ya mutu. A masana'anta akwai inji na musamman da ke zare wannan iska kafin a ɗura gas. Ke tukunyarki ta yi miki wannan aikin kyauta. Sai dai in ya huce, kada ki yi ta sheƙa shi daga kwano zuwa kwano kamar ana fifita kunu, don iskar za ta koma. Ki zuba a hankali cikin roba, ki rufe.

Sai maganar ɗanɗano. Gas yana tono abin da ke ɓoye a ruwa. Warin kulorin da ba ki damu da shi ba a ruwa zalla, in kumfa ta ɗauko shi ta kai hanci sai ya ninka. Tafasawa tana korar yawancinsa, haka ma matatar nan mai gawayi a ciki da ake sayarwa, ko barin ruwan ya kwana a mazubi mai faɗin baki an rufe da ƙyalle. Amma ki tuna kulorin shi ne mai gadin ruwan. In ya tafi, ruwan ba shi da kariya, a sa shi a firji a shanye cikin kwana ɗaya ko biyu. In ruwanku na burtsatse ne mai barin farin ɓawo a gindin buta, wannan ba aibi ba ne, sinadaran kalsiyam da maganiziyam ne, kuma su ne ke sa ruwan gas ya yi daɗi a baki. Ruwan ma'adinai masu tsada na Turai da su suke taƙama. In kuwa irin wanda ke yin ja-ja ne in ya kwana a bokiti, ƙarfe ne a cikinsa, ki bar shi ya kwanta ki tace, in ba haka ba zai yi ɗanɗanon tsatsa. Abin da tafasawa ba ta iya cirewa shi ne sinadarai irin su fulorayid da dalma; tafasawa ma ƙara musu kauri take yi, tunda ruwa ke tashi su zauna. Mutanen Tibiri ta jihar Maraɗi sun san wannan da zafinsa, inda ruwan wata rijiya mai yawan fulorayid ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gane. In sabuwar rijiya ce kuka haƙa, ku kai ruwan a gwada ko sau ɗaya ne, musamman in kin ga haƙoran yaran unguwa suna yin tabo ruwan ƙasa.

Yanzu sanyi, wanda shi ne rabin sirrin. Wani masani ɗan Ingila, William Henry, ya bayyana a 1803 cewa yawan iskar da ruwa ke iya sha yana tafiya ne daidai da yadda aka matsa ta a kansa. Ninka matsi, ki ninka gas. Amma zafi yana ja ta ɗaya gefen. Ba tare da ƙarin matsi ba, lita ɗaya ta ruwan da ke dab da daskarewa tana riƙe CO2 kimanin giram 3.3. A digiri 10 sai ta riƙe kimanin 2.3, a digiri 20 kimanin 1.7, a digiri 30 kimanin 1.3, a digiri 40 kuwa da ƙyar ta riƙe giram 1. Lemon kwalba da muka saba da shi yana ɗauke da tsakanin giram 6 zuwa 8 a kowace lita. Kin ga ruwan tankin sama na watan Afirilu, wanda ya wuni a rana, ko kusa da rabin abin da ruwan firji ke sha ba zai sha ba, komai yawan gas ɗin da kika ɓarnatar a kansa.

Na ga wannan da idona. A ɗakin gwaji muna da wata 'yar na'ura mai allura da agogon matsi. Sai mu ɗauko kwalba daga layi, mu huda murfin da allurar, mu girgiza har allurar agogon ta tsaya cak, mu karanta matsi, mu tsoma ma'aunin zafi, mu duba jadawali. Wata rana da bazara injin sanyaya ruwa ya samu matsala, ruwan ya ɗan ɗumama da digiri kaɗan kawai. Tun kafin mu auna mun gane: kwalabe suna fitowa daga injin cikawa suna amai da kumfa, kowace ta kasa cika zuwa wuya, ƙasa duk ta jiƙe. Matsin gas bai canza ba ko kaɗan. Ruwan ne ya ƙi karɓa. Tsayar da layi aka yi har aka gyara.

Saboda haka ki sa robar ruwanki a firji ta kwana, ki nemi sanyin da ke tsakanin digiri 2 da 5, irin wanda in kin kurɓa sai haƙori ya amsa. In wuta ba ta zama, ki sayi ƙanƙara ki fasa a bokiti ko kula, ki zuba ruwa kaɗan da ɗan gishiri, ki nutsa robar a ciki na kamar awa ɗaya. Ƙanƙarar ta tsaya a waje, kada ta shiga ruwan sha, tunda ba ki san da wane ruwa aka yi ta ba. Randa tana taimakawa, musamman da hunturu da iska ke bushe, amma sanyin randa na kashe ƙishirwa ne, bai kai na riƙe gas mai ƙarfi ba. Ki fara da randa, ki ƙarasa da ƙanƙara, za ki rage kuɗin ƙanƙarar.

To ta ina gas ɗin zai fito? Hanya mafi sauƙi ita ce injin kan tebur, irin SodaStream da makamantansa. Asalin wannan kamfani a Ingila yake tun 1903, kuma PepsiCo ta saye shi a 2018 kan dala biliyan 3.2. Yawancin injinan ba sa buƙatar wutar lantarki, abin da ya dace da mu. Ana ɗaura robarsa ta musamman, a cika ta zuwa layin da aka zana, a danna sau uku ko huɗu gajeru, a saki. Silindarsa tana ɗauke da gas giram 425, ana rubuta cewa tana yin lita 60. Ki raba ki gani: giram 7 ke nan kowace lita, in ba a yi asarar ko kaɗan ba, alhali kowane dannawa akwai wanda ke hucewa. Mai son gas mai ƙarfi ba zai samu lita 60 ba. Babbar tambayar da za ki yi wa mai kanti kafin ki biya ita ce, in silindar ta ƙare, a ina za a sake cika ta? Gidaje da yawa suna da irin wannan inji a saman kabad yana shan ƙura saboda wannan tambayar da ba a yi ba. Kada kuma a roƙi mai dawowa daga Umara ko Dubai ya sako silinda a jaka, ba a yarda da ita a kayan fasinjan jirgin sama ba.

Akwai kuma butar soda ta ƙarfe mai cin lita ɗaya, wadda ake ɗaura wa ɗan ƙaramin harsashin gas mai giram 8. Tana aiki da kyau, sai dai kowace lita harsashi guda, kuɗin yana taruwa. In za a saya, a duba an rubuta CO2 a kwalin, don akwai masu kama da su sak da masu yin kek ke amfani da su wajen kumfa kirim, iskar cikinsu daban ce.

Ga gidan da za a sha kullum, ni abin da na fi so, kuma shi nake amfani da shi, shi ne babbar silindar CO2 mai kilo 2 zuwa 5, da regileta irin tata, wato na'urar da ke rage matsin gas ta daidaita shi, da tiyo, da wani murfi na musamman mai bawul wanda ke hawa bakin robar lemo. Kilo 5 yana kai gida watanni. Ga yadda nake yi. Ina ɗauko robar lemo da na wanke, in cika ta da ruwa mai sanyi zuwa kafaɗa, in matse ta da hannu har ruwan ya hau baki, iskar sama ta fice, sai in ɗaura murfin a haka tana a lotse. In saita regileta a tsakanin 30 da 40 a ma'aunin psi, kusan iskar da mai faci ke sa wa tayar mota. Da na haɗa tiyo sai robar ta buɗe ta yi tauri kamar dutse. Daga nan sai girgiza. Za ki ji regileta tana huci a hankali, alamar ruwa yana shan gas. Ki ci gaba da girgizawa kamar minti ɗaya har hucin ya yi shiru. A cire tiyo, a mayar da robar firji ta huta ko minti goma ne, sannan a buɗe a hankali. A psi 30, matsin da ke cikin robar ya ninka na iskar duniya sau uku, don haka ruwa mai digiri 4 zai iya shan sama da giram 8, mai digiri 30 kuwa ko 4 ba zai kai ba.

A nan ne nake so ki saurare ni da kyau, ki kuma karanta wa duk wanda zai haɗa miki kayan. Gas ɗin ya zama na abinci, irin wanda kamfanonin iskar masana'antu ke sayar wa masu lemo da gidajen abinci, kuma a tambaya da baki a ga shaida. Kada a karɓi na masu walda, don ba a wanke silindarsu da niyyar wani zai sha, kuma sau da yawa a gauraye yake da wata iska. Kada a kwance tukunyar kashe gobara a ce ai duk CO2 ne; an ƙera ta ne ta fesa gas ɗin yana ruwa-ruwa, zai daskarar da regileta ya lalata ta. Regiletar gas ɗin girki kuwa ko kusa kada ta zo, ba a yi ta don irin wannan matsi ba. Tsabtar gas ba wasa ba ce ko ga manya: a 1990 kamfanin Perrier na Faransa, mai sayar da ruwa mai gas, ya janye kwalabe kimanin miliyan 160 daga kasuwannin duniya saboda an samu ɓurɓushin wani sinadari mai guba da ake kira benzin a ruwansa, kuma tushen abin matatar gas ce da ba a canza a kan lokaci ba. Sannan duk ƙarfen da zai taɓa ruwan bayan ya sha gas, kada ya zama tagulla ko jan ƙarfe. Ɗan asid ɗin nan yana cin su, ya narkar da su cikin ruwa, mai sha ya kama amai da ciwon ciki. A yi amfani da roba ta abinci ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa.

Ita kanta silindar, a cikinta gas ɗin ruwa-ruwa yake saboda tsananin matsi. A digiri 20 matsin ya kai kimanin psi 830, ya ninka na tayar mota fiye da sau 25. Da zafi ya wuce digiri 31, CO2 ba ya iya zama ruwa-ruwa kuma, daga nan matsin sai ya riƙa hawa da sauri da kowane ƙarin zafi. Wannan magana a Turai ta 'yan kwanaki ce a shekara, mu kuwa a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram rayuwarmu ce daga Maris zuwa Mayu, lokacin da inuwa ma ke haura 40. Kada a bar silinda a but ɗin mota a rana, kada a jingine ta kusa da murhu ko janareta, kada a ajiye ta ƙarƙashin kwanon da ba silin. A tsaye za ta zauna, a ɗaure da bango, a wuri mai inuwa da iska. Wajen cikawa a ɗora ta a sikeli, kada a wuce nauyin da aka buga a wuyanta. "Ƙara min kaɗan" a nan haɗari ne, ba gyara ba.

Batun iska ma dalili gare shi. CO2 ba ta da launi, kusan ba ta da wari, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi da kusan rabi, don haka ƙasa take kwanciya. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, wanda ruwan ƙasansa ya daɗe yana shan wannan iska daga ƙarƙashin dutse, ya amayar da ita gaba ɗaya kamar an buɗe kwalbar da aka girgiza. Iskar ta gangara kwari ta kashe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500, da yawa a cikin barci. Ƙaramar silinda mai giram 425 in ta tsiyaye duka a ɗaki mai mita uku-uku-uku, ba za ta kai kashi 1 cikin 100 na iskar ɗakin ba. Amma mai kilo 5 za ta kai wajen kashi 10, wanda ya isa ya sumar da mutum, kuma mai kwance a tabarma da yaro mai rarrafe su za ta fara samu. Kada babbar silinda ta kwana a ɗakin barci. A rufe kanta bayan kowane amfani, a riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗai, inda ya yi kumfa nan ke yoyo.

Roba kuma, sai wadda aka yi don lemo mai gas, mai kauri, mai gindi ƙafa biyar. Robar ruwan sha ba a yi ta don matsi ba. Wadda ta karce, ko ta lotse, ko ta sha rana, ko aka zuba wa ruwan zafi, a jefar. Robobin injin kan tebur ma suna da ranar daina aiki a jikinsu. Kwalbar gilashi kuwa kada a gwada sam. Roba in ta fashe tsagewa take yi, gilashi kuwa tarwatsewa yake yi a fuskar mai girgizawa.

Na san za a ce miki akwai hanyar da ba sai an sayi komai ba. Kin san yadda miyar yakuwa ke tasowa da kumfa in kin jefa mata kanwa? Wannan kumfar CO2 ce, ita ce dai gas ɗin lemo. Tsami ya haɗu da kanwa ya sake ta. Haka bekin soda ke yi da lemon tsami ko ruwan khal. Wasu sai su zuba su kai tsaye a kofi su sha. Ga maigida ban yarda da wannan ba. Cokalin shayi ɗaya na bekin soda yana ɗauke da sinadarin sodiyam sama da miligiram 1,200, alhali iyakar yini duka 2,000 ce, kuma ciwon suga da hawan jini sun saba tafiya tare. Kanwa ta fi muni, tunda ba a tace ta ba, da ƙasarta da komai take zuwa. Wasu kuma suna haɗa roba biyu da tiyo, a yi haɗin a ɗaya, gas ya bi tiyo ya shiga ruwa a ɗayar. A ilimance yana aiki. Amma ki duba lissafin: giram 15 na bekin soda da giram 12 na garin asid ɗin lemon tsami suna sakin gas kimanin giram 8, wato sama da lita 4, cikin ɗan lokaci, tun ruwan bai fara sha ba. In sararin da ke cikin robobin rabin lita ne, matsin ya haura ninki takwas na iskar duniya, a kan murfin da aka huda da ƙusa aka liƙe da gam. Ba agogon da zai nuna miki, ba bawul da zai huce. Ban ga kuɗin da za a yi tsimi da ya kai darajar idon mutum ba. Haka busasshiyar ƙanƙara, wadda CO2 ce daskararriya mai sanyin digiri 78 ƙasa da sifili: in an rufe ta a roba bam ce.

Saura hanyar yis da suga, wadda ake yawan koyarwa a intanet, a rufe roba kwana biyu har ta yi tauri. Abin da ba a faɗa shi ne, yis in ya ci suga abu biyu yake haifarwa kusan daidai nauyi, CO2 da barasa. Kafin lita ɗaya ta samu gas giram 6, ta samu barasa wajen giram 6, kusan kashi 0.8 cikin 100, kuma in an bar ta ƙaruwa take yi. Hukuncin wannan na malamai ne, amma ya kamata ki san abin da ke cikin robar kafin ki kai tambayar. Ga kuma sauran sugan da yis bai cinye ba, wanda shi ne abin da muke gudu tun farko. Tun asali ma a nan abin ya samo tushe: Joseph Priestley, wanda ya gano hanyar sa wa ruwa gas a 1767 a birnin Leeds na Ingila, a saman randunan wata masana'antar giya da ke maƙwabtaka da shi ya rataya kwanon ruwa, ruwan ya sha iskar da ke tashi. Daga baya aka koyi raba iskar da giyar, har Johann Jacob Schweppe ya mayar da abin sana'a a Geneva a 1783, sunan da har yau muke gani a kwalaben Schweppes.

In ruwan ya samu, ƙa'ida ɗaya ce wajen ɗanɗano: ruwa zalla ake sa wa gas, kayan ɗanɗano daga baya. In kika ɗura gas a zoɓo ko kunun aya, kowane ɗan ƙwayar gari da ke ciki zai zama wurin da kumfa ke tsirowa, da kin buɗe zai yi tsiri har rufi, ya kuma toshe bawul ɗin inji. Ki dafa zoɓonki da kauri sosai, da citta da kanumfari, ba suga, ki tace da ƙyalle mai laushi sau biyu, ki sanyaya. Ki zuba kamar cokali uku a gindin kofi, ki karkata kofin, ki tsiyaya ruwan gas ta gefe a hankali, kada ki juya da ƙarfi. Jiƙon tsamiya ma haka, ko yankan kokwamba da na'a-na'a, ko 'yar matsar lemon tsami. Zuma da dabino da mazarƙwaila duk suga ne a wurin jini, kada a sa su da sunan na gargajiya ne. A kanti kuma a lura, abin da aka rubuta wa tonik yana da suga kusan kamar sauran lemo, ɗacinsa ne ke ɓoye shi.

Game da lafiya, ruwa mai gas yana kashe ƙishirwa kamar kowane ruwa, ba ya kuma taɓa sugan jini. Maganar cewa yana cinye ƙashi, wani babban bincike da aka yi a garin Framingham na Amurka, aka buga a 2006, ya samu raunin ƙashi ne a matan da ke yawan shan kola, bai same shi a masu shan sauran abin sha mai gas ba. Haƙori kuwa, tsaminsa bai kusa da na kola ba, amma ya fi ruwa zalla, kuma lemon tsami ko tsamiya suna ƙara shi. Gara a sha shi tare da abinci a gama, da a wuni ana kurɓa, a kuma ɗan jinkirta asuwaki ko buroshi kamar rabin awa bayan an sha. Ruwan gas zai sa gyatsa, wannan gas ɗin ne ke neman hanya. In maigida yana fama da ƙwannafi ko kumburin ciki, ya rage ƙarfin gas ɗin, dannawa biyu maimakon huɗu, ya kuma guje shi dab da kwanciya. Da azumi ya fara buɗa-baki da ruwa zalla, ya bar mai gas sai ya ci wani abu, don a cikin da ya wuni ba komai yana cika shi da iska ya hana shi cin abincin da maganinsa ke buƙata. In ya koma asibiti ya faɗa wa likitansa abin da ya maye gurbin lemon da shi, har da zoɓon, tunda zoɓo yana iya ɗan sauke hawan jini ga mai shan magani.

Ki riƙa yi a ƙananan robobi na rabin lita maimakon babba guda. Duk buɗewa gas ɗin da ya taru a sama yana tafiya, ruwan ya sake sakin wani ya cike gurbin, don haka babbar roba da aka sha rabi kafin dare ta yi lami. Ƙarama kuwa a buɗe, a shanye, a wanke da ruwan sanyi da ɗan sabulu, a kife ta bushe, gobe a sake cikawa.